Taƙi Ɗaya Daga Awon Kawu

Ranar da Kawu ya rasu, ni aka ba karan da aka auna shi da shi, aka ce in kai wa masu haƙa a maƙabarta. A can na ga abin da ban taɓa gani ba. Tsohon da ke haƙar kabari ya shimfiɗa karan a ƙasa, ya ja layi da ƙafa, ya ɗaga, ya sake shimfiɗawa, sa'an nan ya ƙara taƙi guda ta wajen ƙafafu. Wani daga cikin mataimakansa ya ce ƙasa-ƙasa, "Gara ka auna da kyau, kada ya tashi ya ce bai yarda ba." Suka danne dariya da hannun riga. Ni ban yi dariya ba, amma ban ji haushi ba, don gaskiya suka faɗa.

Kwana uku muka yi zaune a ƙofar gidansa ƙarƙashin tanti, jama'a na ta shigowa. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Addu'a kam an yi ta, ba laifi. Sai dai na lura kowa in ya gama addu'arsa yakan liƙa mata wutsiya. Mai butik ɗin unguwa, shagon da muke sayayya, ya ce, "Allah ya gafarta masa. Shekara talatin yana sayen sukari a wurina, bai taɓa karɓa ba sai ya ɗaga sikelin ya leƙa ƙarƙashinsa." Limaminmu ya ce mutum ne mai kiyaye sahu, ya yi murmushi, ya ƙara da cewa har ginshiƙan masallaci sai da ya zo da igiya ya gwada ko a miƙe suke. Wani magini ya kurɓe shayinsa ya ajiye kofi, ya ce, "Malam mai awo ke nan. Ya tafi da iliminsa. Da sauran abubuwa." Bai faɗi sauran abubuwan ba, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Wanda ya fito da maganar fili shi ne mijin gwaggona, dattijo mai harshe kamar aska. Ya matso kusa da ni a rana ta biyu, ya dafa gwiwata, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin makarantar boko a nan, ya ce, "Mushe, ba a faɗin aibin mamaci. Amma kai ɗan lekol ne, ka yi boko, lissafi kake koyarwa. Ka taɓa ganin awon kawunka ya yi daidai da bango? Kullum da ƙari. Masu yankan tol ɗin rufi a Yamai kuwa da tsawo suke sayarwa, da tsawo suke ba da la'ada. Ruwa ba ya tsami banza." Ya ɗauke hannunsa ya ci gaba da jan carbi, sai ka ce salati ya gama yi mini.

Ga dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Duk wanda ya bi ta bayan gidan Innata yau zai ga bangon gabas ya zaizaye, tubali a waje, an tokare shi da itace biyu. In ya tambaya, za a ce masa, "Ai aikin ƙarshe ne na Malam mai awo." Sunan Kawu ke nan ake zubarwa a gindin bangon nan kullum. Ina roƙon wanda ya ji wannan magana ya saurare ni tukuna, ya san wane ne mutumin, sa'an nan ya yanke hukuncinsa.

Kawu yayan Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa awon rufi. Kafin a sayi falle ɗaya na tol, kwanon rufi ke nan, shi ake kira ya hau bango ya auna, ya rubuta debi, wato takardar da ke faɗin falle nawa za a yanko da tsawon kowanne da sauran kayan da aikin zai ci. Ya koyi aikin a shantiyoyin Arlit, wuraren gine-gine, tun yana saurayi, kuma can ya fara ganin rufin da ya zame masa abin so har ya mutu. 'Yan boko suna ce masa juwan debu, shi kuwa yana ce masa mai tsayayyen ɗinki. Dogon tol ne, falle ɗaya tun daga saman rufi har baki, ba haɗi a tsakiya. Ana tayar da gefen wannan da gefen wancan tsaye, a naɗe su tare da wani babban pans mai kama da awartaki, kamar yadda tela ke kalmasa bakin riga. Wasu 'yan ƙarafa ne ke riƙe shi ta ƙarƙashi, ba ka ganin ƙusa ko ɗaya a bayansa. Wahalarsa guda ce: a Yamai ake yanko shi daidai yadda aka rubuta, kamiyo, babbar motar kaya, ya kwaso shi ya ratso duk hanyar nan. In ya zo gajere, ya zo ke nan, ba a ja shi ya ƙaru.

"Kowace ƙusa ƙofar ruwa ce," haka yake cewa. In ya ga ana buga wa tol ƙusa sai ya kau da kai kamar an zagi iyayensa. Da tsakar rana, lokacin da zafin Agadas ke dukan rufi har yana ƙas-ƙas, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka ji? Miƙa yake yi. Ƙarfe ma yana son a bar masa wurin miƙa ƙafa. In ka ɗaure shi tamau, zai nemi hanyarsa da kansa."

To amma maganar Allah, Kawu bai yarda da kowa ba. Ba na ɓoye wannan, don in na ɓoye ba shi na zana ba. A zaurensa akwai wata sandar ƙarfe da ya kafe a bango, ya yi mata zane a kai da gindi, metir ɗaya cif. Duk ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya zaro metir ɗinsa na aljihu ya gwada da sandar. Na taɓa ce masa, "Kawu, metir ai metir ne." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya sayar maka da shi? Ba ɗan kasuwa ba?" Bai yarda da pilan ɗin injiniya ba, yana cewa takarda ba ta taɓa taka laka ba. Bai yarda da magini ba, don a ganinsa ba a haifi maginin da zai tayar da kusurwa huɗu daidai ba. Shi ya sa a debinsa ba ka ganin falle biyu masu tsawo ɗaya, kowanne da nasa adadi, kamar sunayen 'ya'ya.

Ni ma ban tsira ba. Bayan rasuwar mahaifinmu shi ya riƙa kai ni lekol a bayan kekensa, shi ya saya mini kaye na farko, littafin rubutu. Amma duk ƙarshen wata uku in na kawo takardar sakamako, ba ya cewa madalla. Ninke ta yake yi ya sa a aljihu, washegari da safe ya tafi wurin mushenmu ya tambaya ko da gaske shi ya sa wannan hannun. Shekara shida yana haka! Ranar da na ci jarrabawar shiga kolej ya yanka mini zakara, amma sai da ya je ya ga sunana a allo da idonsa, ya kuma sa wani ya sake karanta masa.

Wannan hali ya taɓa kai shi ga zalunci, kuma na gani da idona. Akwai wani mai ɗora rufi da suka daɗe suna aiki tare, kowa Shef yake ce masa, mutum mai sanyin hali, ɗan asalin Timiya. Wata rana a shantiye aka nemi ƙunshin 'yan ƙarafan riƙe tol aka rasa. Kawu bai yi wata-wata ba, a gaban leburori da mai gida ya ce, "Shef, buɗe jakarka." Bawan Allah nan ya buɗe, ya zazzage ta a ƙasa: goro, carbi, ragowar burodi. Ya tattara kayansa ya tafi gida. Da yamma Kawu ya ɗaga sirdin babur ɗinsa zai zuba mai, sai ga ƙunshin, shi da kansa ya ɓoye shi can don kada a sace. Ka ce ya je ya ba da haƙuri? Ina! Bakinsa bai iya wannan kalma ba. Abin da ya yi, ya sayi buhun gishirin Tegidda ya kai ƙofar gidan Shef don awakinsa, ya yi sallama, ya tsaya yana kallon rufin zauren, ya ce, "Wannan indararon naka a karkace yake." Shef ya ce, "Na gani, Malam." Washegari suka koma aiki tare, suka ƙara shekara ashirin.

Alherinsa ma da tuhuma yake tafe. Shekarar da ƙoramar Telwa ta yi ambaliya ta rusa gidajen bakinta, ya yi sati uku yana bin gidajen zawarawa da tsofaffi yana auna musu rufi, ko ruwan shayi bai karɓa ba. Amma duk gidan da ya fita sai ya waiga ya ce wa matar gidan, "Na ƙirga su fa. In na dawo na ga falle ɗaya ya tafi kasuwa, ni da ke ne." Tsofaffin suna sa masa albarka suna harararsa lokaci guda.

Yanzu ga maganar rufin Inna. Ƙanena ya yi shekara huɗu a Jado wurin haƙar zinari, Allah ya buɗa masa kaɗan. Abu na farko da ya yi, ya bugo waya ya ce a cire wa Inna tsohon kwanon nan mai yoyo a ɗora mata mai tsayayyen ɗinki a ɗakunanta uku, kafin damina. Ya ce mini, "Yaya, abin da Kawu ya rubuta shi za ka aika, kada ka ƙara kada ka rage." Gidan Inna na laka ne, mahaifinmu ya gina shi da hannunsa, kuma ta sha faɗa cewa daga ɗakin nan sai kabari.

Kawu ya zo awon kwana goma kafin rasuwarsa. Ciwon ya riga ya cinye shi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Inna ta ce, "Yaya, don Allah kada ka hau. Ga yaro nan, malamin lissafi ne, ya hau ya faɗa maka." Ya ce, "Rufi a sama yake, ba a bakin mutum ba." Ya hau tsanin nan da ƙyar, matakala ɗaya, hutu ɗaya. Na bi shi na ce in riƙe masa bakin metir. Sai ya zaro ƙusa daga aljihu, ya kafa a kan bango, ya maƙala bakin metir ɗin a jikinta. Ya ce, "Bar shi, Mushe. Ƙusa ba ta gajiya, kuma ba ta da ra'ayi."

Wallahi maganar nan ta soke ni. Ina da shekara arba'in da ɗoriya, ina da 'ya'ya huɗu, ɗalibaina sun zama injiniyoyi, amma a wurin Kawu ƙusa ta fi ni amana, shi da ya ƙi jinin ƙusa! Na sauko na zauna a inuwa ina kallonsa yana rarrafe a kan bango, yana rubutu da guntun fensirinsa. Da ya gama ya miƙo mini takarda, falle ashirin da biyu, kowanne da tsawonsa. Ya ce, "Aika haka." Bai yi mini bayanin komai ba, ni ma girman kai ya hana ni tambaya.

Ban aika ba, na tsaya jiran saƙon kuɗi daga ƙanena ya iso. Kafin ya iso Kawu ya kwanta, aka kai shi likita, kwana biyu ya cika. Takardar tana aljihuna ranar da mijin gwaggona ya dafa gwiwata.

An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na san karin maganar sarai, ina ma faɗa wa yara. Amma washegarin sadakar uku, da hantsi, na ɗauki metir na ɗauki tsani na hau bangon Inna. Na ce wa kaina dubawa kawai zan yi. Na auna layi na farko tun daga bangon yamma mai tsawo har bakin na gabas, da gangarar da komai, ba abin da na manta a ganina. Na duba takardar Kawu. Nasa ya fi nawa da santimetir arba'in. Na auna na biyu, arba'in. Na goma, arba'in. Na ashirin da biyu, arba'in. Taƙi biyu a kowane falle, ba ƙari ba ragi. Na zauna a kan bango rana na dukana, ina cewa ashe, ashe. Abin kunyar shi ne, a ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani ɗan daɗi da na ji: yau ni ne na duba takardar sakamakonsa.

Na yi lissafina na ɗan lekol. Na ce rufi yana buƙatar baki da zai leƙo waje ya zubar da ruwa nesa da bango, taƙi ɗaya ya isa wannan. Ɗayan taƙin kuwa na la'ada ne, kuma gumin ƙanena ba zai tafi a banza ba. Na zauna a tsakar gida na kwafe adadin a sabuwar takarda da kyakkyawan rubutuna, na cire santimetir ashirin daga kowanne. Inna tana gefe tana tsince shinkafa. Na ɗauki hoton takardar na aika Yamai, na rubuta a ƙasa: awon marigayi Malam.

Bayan sati uku kamiyo ya iso. Shef ne ya zo ɗorawa da mutanensa. Suka ɗaga falle na farko suka shimfiɗa, ya durƙusa ta saman ya kama bakin tol ɗin da pans ya tanƙwara shi sama, wajen yatsa takwas, ya cusa ƙarƙashin wani murfin ƙarfe da suka kafa a jikin bangon yamma. Na ce, "Shef, me kake yi haka?" Ya ce, "Naɗin sama ke nan, Mushe. In ba shi, iska ta turo ruwa ya koma ciki." Ya gangara ƙasa ya sake kalmashe bakin ƙasan ya maƙala shi. Naɗi biyun nan suka cinye taƙi ɗaya cur. Da ya miƙe, bakin tol ya tsaya daidai da fuskar bango, ko faɗin yatsa bai leƙo ba.

Shef ya daɗe yana kallon wurin. Ya sa aka ɗora na biyu, haka. Na uku, haka. Ya sauko ya wanke hannu, ya ja ni gefe inda mutanensa ba za su ji ba.

Ya ce, "Mushe, wannan ba awon Malam ba ne."

Na ce, "Nasa ne mana."

Ya ce, "Shekara talatin ina ɗora abin da ya auna. Taƙi ɗaya na naɗi, taƙi ɗaya na baki, a cikin adadin yake saka su, ba ya rubuta su daban. Tun wani Alhaji da ya ga layin da aka rubuta ƙari ya sa alƙalamin bik ya soke, rufin ya zo gajere, aka ce laifin Malam ne. Daga ranar ya rantse ba mai gidan da zai sake ganin ƙarinsa a fili. Ko yana barci ba zai manta taƙin nan ba."

Ya tsaya yana dubana. Takardar Kawu ta ainihi tana aljihun rigata, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina. Mutumin da Kawu ya sa ya zazzage jakarsa a gaban jama'a, shi ne yau ya tsaya masa. Ni kuwa da aka goya a bayan keke, ka san abin da na ce? Na ce, "Ka san ya tsufa, Shef. Ga ciwo. Ranar ma da ƙyar yake ganin adadin."

Shef ya ce, "To." Wannan "to" ɗin har yau ina jinta.

Ba yadda za a yi a mayar da tol Yamai, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Shef ya yanko tsiri na kwano na gama-gari ya cusa a ƙarƙashin bakin, ya buga masa ƙusoshi, ya zama faci tun daga wannan kusurwa har waccan. Rufin ƙarshe na mutumin da ya ƙi ƙusa ya tashi da ƙusa sama da ɗari a bakinsa. Ranar sadakar arba'in duk wanda ya zo sai da ya zagaya ya gani. Maginin nan ya ce, "Allah Sarki, tsufa." Mijin gwaggona ya ce, "Wane tsufa? Da yana ƙari ya ci, wannan karon ya rage ya ci. Hali zanen dutse." Ina zaune ina zuba musu shayi. Na buɗe baki sau biyu, abin da ya fito shi ne, "A ƙara sukari?"

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo da la'asar, da iskar nan ta gabas da ke ɗaga tabarma ta kai ta unguwa ta gaba. Ba a yi minti goma ba facin ya ɓalle, muka ji shi yana kaɗawa kamar ana dukan tasa, sa'an nan ya tafi. Shi kansa rufin ko motsi bai yi ba, ɗigo ɗaya bai shiga ta sama ba. Amma duk ruwan da ya sauka a kan falle ashirin da biyun nan ya gangaro ya bi fuskar bangon gabas, yana wanke laka ja wur zuwa cikin lungu. Ruwa na biyu ya fito da tubali. A na uku bangon ɗakin Inna ya tsage daga sama har taga, muka kwashe kayanta muka mayar da ita gidana.

Kwana biyu ba ta ce komai ba. A rana ta uku da safe na kai mata kunu, ta ce in zauna. Ta ce, "Takardar Yaya tana ina?"

Na ce, "Wace takarda, Inna?"

Ta ce, "Ni ban yi lekol ba, amma na san rubutun Yaya, kamar tafiyar ƙwaro yake. Wadda ka ɗauka a waya ba ita ba ce. Ina zaune ka kwafe. Na yi shiru in ga ranar da za ka faɗa da bakinka, har bango ya riga ka."

Na sunkuyar da kai. Na fara kame-kame, ina cewa ai na auna, ai na ga ƙari, ai mutane suna faɗa, ai shi ma da ya yi bayani da ba a kai ga haka ba. Wannan na ƙarshen ma gaskiya ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Inna ta bar ni na gama. Sa'an nan ta ce, "Kai ka kai karansa maƙabarta, ko ba kai ba? Daidai tsawon karan aka haƙa?"

Na ce, "An ƙara taƙi."

Ta ce, "Ka ce wa mai haƙan ɓarawo?"

Ban yi kuka a maƙabarta ba, ban yi a zaman makoki ba. A nan na yi shi, gaban kwanon kunu, kamar yaron da aka kama.

A ranar na kira ƙanena a Jado na faɗa masa. Ya ce, "Yaya, abu ɗaya na roƙe ka." Na je gidan Shef na faɗa masa. Ya ce, "Na sani tun falle na farko. Allah ya yafe mana." Da la'asar na ɗauki takardun biyu, ta Kawu da tawa, na nufi majalisar da mijin gwaggona ke zama da maginin nan da mai butik. Na shimfiɗa su a kan tabarma, na ce ga awon Kawu, ga nawa, ni na rage, ni na kashe bangon Inna, ni na bar ku kuna zaginsa ina zuba muku shayi.

Na ɗauka za a zage ni, na ma shirya. Mijin gwaggona ya ɗauki takardar Kawu ya juya ta gaba da baya, ya ajiye. Ya yi murmushi ya dafa gwiwata, daidai inda ya dafa ranar makoki. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Mushe. Ɗa na gari ke nan, mai rufa wa kawunsa asiri. Amma mu ba yara ba ne. Wa ya san ranar da aka rubuta wannan?" Maginin ya gyaɗa kai. Mai butik ya miƙo mini kofi.

Ka ji inda muka kwana. Ƙaryata an karɓe ta hannu biyu ba a nemi shaida ba, gaskiyar kuwa an ce a kawo mai shaida. Mai shaidar yana ƙarƙashin ƙasa, a ramin da aka yi masa ƙarin taƙi.

Bayan damina za mu sake gina bangon, ni zan ɗauki nauyinsa, kuma Shef ya ce zai yi dabarar indararo mai faɗi da zai kama ruwan. Inna ta ce ba za ta kwana a gidana daren da aka gama ba. Bango yana gyaruwa. Sunan ne ban san da wace laka ake yaɓe shi ba, shi ya sa na rubuta wannan.

Kawu, ka zarge ni shekara arba'in ba ka taɓa kama ni ba, sai da ka kwanta na ba ka gaskiya. Allah ya yalwata maka kabari fiye da taƙin da aka ƙara, ya yafe maka zatonka, ya yafe mini nawa, ya kyautata namu ƙarshen.

Takardarsa tana wurina, da guntun fensirin. Bangon yamma da na gabas suna nan inda ya auna su. Duk mai shakka ya zo da tsaninsa da metir ɗinsa ya hau ya gwada, falle ashirin da biyu ne, ni zan riƙe masa tsani. Amma kafin ya hau sai mun biya ta zauren Kawu. Sandar ƙarfen tana nan a bango, kuma ban san wanda ya sayar masa da metir ɗin ba.